Faifan da Kowa Ya Ce a Rage Nasa

Mu huɗu ne, kuma ni ne mai gitar bas, wato mutumin da ba a sanin yana cikin kiɗa sai ranar da bai zo ba. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ɗauka babban makaɗi ne ke magana. Ranakun aiki ina wanke kwalabe a wani labo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a Lyon, a takarda kuma ana kiran abin bincike. Ranar Lahadi bayan azahar nakan saɓi gitata in gangara ɗakin ƙasan wani bene a Vaulx-en-Velin, inda mai gadin gidan ya ba mu wuri tsakanin tsofaffin kekuna da wata katifa da ba wanda ya yarda tasa ce.

Babbanmu ɗan Maraɗi ne, shi ke riƙe da gita, muna ce masa Yaya. Ya zo Faransa rubuta tez, kundin digirin dakta, tun muna lise, wato sakandare, kuma kowace shekara tez ɗin saura kaɗan. Mai waƙarmu Bakano ne, ɗan kasuwa, yana zaune a Rillieux-la-Pape yana cika kwantena da tsofaffin firji da injinan mota yana aikawa gida. Murya kam Allah ya ba shi, kunya kuwa ranar da aka raba ta yana tashar jirgin ruwa. Na huɗun shi ne mai ganguna, Ba'adare daga Tahoua, ɗalibin likitancin dabbobi, ƙaraminmu a shekaru. In ka taka masa ƙafa a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi zai riga ka ba da haƙuri. Amma bari ya zauna bayan gangunan nan ya ɗauki sanduna, sai ka rantse wani aka kawo.

Abin da ya haɗa mu wani tsohon faifan rok ne, irin baƙin nan mai faɗi, da Yaya ya tsinto a kasuwar gwanjo ta bakin kogi. A bangonsa anasara huɗu ne masu gashi har kafaɗa, sun ɓata rai sai ka ce an hana su karin kumallo. An yi shi tun ba a haifi ko ɗaya cikinmu ba. Kafin mu fara bita sai mun ɗora shi, kuma ba mu taɓa ɗora shi ba tare da gardama kan abin da ya sa ya fi sauran faifai ba. Yaya ya ce ai mai gitar ne, wannan kowa ya sani. Bakano ya ce murya ce, sauran duk ƴan rakiya ne. Ikon Allah, kowa ya yi dogon nazari ya gano cewa gwanin faifan shi ne mai irin sana'arsa.

Ni ra'ayina, wanda har yau ban sauka daga kansa ba, faifan nan ba shi da maigida. Ka saurare shi kana bin mai ganguna kaɗai, sai ka ce don shi aka yi. Ka sake ɗorawa ka bi mai bas, sai ka ce ashe wannan ne ke jan ragamar. Haka za ka yi ta yi har ka gama da su huɗun. Kamar mutum huɗu ne a kan kwano ɗaya, kowa ya ci gabansa har ƙasa, ba wanda ya kai hannu gaban wani, ba kuma wanda ya tsame hannu don a ce yana da tarbiyya. Faifan da gwani ɗaya ya cika, saura suna bayansa suna riƙe masa riga, wannan a kowane lungu akwai shi, kuma ba ka daɗewa kake gajiya da mutumin. Wannan kuwa mun ji shi har allura ta fara cinye shi, ba mu gaji ba.

Ba'adare ba ya shiga gardamarmu. Wata Lahadi dai ya ɗaga allurar ya maida ta baya, ya ce mu saurari wani wuri a tsakiyar wata waƙa. Mai gangunan ya ɗan makara, makarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuskure ne ƙarara. Maimakon sauran su wuce su bar shi da kunyarsa, sai duk suka ja baya tare da shi. Mai bas ya jira, mai gita ya jira, mai waƙar ma ya riƙe numfashi, sannan suka faɗo tare. Kuma ba su goge wurin ba, suka bar wa duniya. Ya ce shi a wurinsa nan ne faifan yake, kowa ana jin sa, kowa kuma yana jin ɗan'uwansa. Yaya ya gyaɗa kai ya ce shi ma dama abin da yake nufi ke nan tun farko.

Ba yabon kai ba, a ɗakin ƙasan nan mu ma kusan haka muke. Amo yana rufe kunya. Ba mai cewa bismillah Yaya, fara, ba mai cewa a'a wallahi kai za ka fara. Kowa ya murɗa nasa, Ba'adare yana dukan fata kamar ta zagi iyayensa, ni ina manne da ƙafarsa ta dama, Yaya yana kuka da gita, Bakano yana ihu a sama. Maƙwabta sun kai ƙararmu wurin mai gadi ba sau ɗaya ba, kuma wannan ita ce lambar yabo mafi girma da muka taɓa samu.

Ana nan sai Ba'adare ya gama karatu, ya samu aikin kula da lafiyar dabbobi a gida. Ya faɗa mana muna naɗe wayoyi. Ya kuma furta abin da duk mun sani amma ba mu taɓa taɓowa ba. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa ne limamin unguwarsu, a can kuma kiɗa yana da masu shi, kuma ba su ba ne. Ba wanda ya san ya taɓa riƙe sanda.

"Ranar da na sauka Yamai, ni da ganga mun rabu ke nan," in ji shi. "Ina so dai in tafi da abin da zan riƙa saurare, in san na taɓa yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son yaron nan, kuma ba ni da wanda zan bi a kiɗa in ba shi ba. A nan muka yanke za mu yi faifai namu kafin ya tafi. Yaya ya samo wani sitidiyo a Paris, a Belleville. Muka hau jirgin ƙasa muka sauka gidan wani Alhaji, kawun Yaya, mai shagon shadda da atamfa. Yaya ya gaya masa taron ɗalibai muka zo. Alhaji ya dubi akwatin gita, ya dubi farantan ƙarfe na ganguna da Ba'adare ke ƙoƙarin ɓoyewa a bayansa, ya ce Allah ya sa a yi taro lafiya, ilimin zamani kam yana da kaya.

Sitidiyon yana can ƙuryar wani tsakar gida, bayan gidan abincin ƴan Sin. Mai shi wani anasara ne mai furfura ya ɗaure ta a ƙeya, magana kuwa sai ka ce saye yake yi. Muka ce masa so muke mu buga tare a ɗaki ɗaya, yadda ake yi a zamanin da. Ya dasa wa kowa makirfonsa, kowane kayan kiɗa da layinsa daban, ya koma bayan gilashi ya ɗaga yatsa.

Ban taɓa jin Ba'adare ya buga kamar ranar ba, kuma na shekara da shekaru ina tsaye kusa da shi. Ya san ita ce ta ƙarshe. Bai yi hauka ba, bai cika wuri ba, sai dai duk dukan da ya yi yana sauka inda ya kamata, da nauyi, har ina jin sa a haƙarƙarina. A wata waƙa Yaya ya ɓace, ya shiga wani dogon kukan gita ya rasa hanyar fita. Ba'adare ya bi shi can, ya rage gudu, ya buɗe masa ƙofa da ɗan faranti, ya dawo da shi gida ba wanda ya ji kunya. Da muka gama, anasaran nan da ba ya magana ya cire abin kunnensa ya dubi yaron ta gilashi ya daɗe.

Washegari aka zo miksaj, wato daidaita sauti, a san wanda zai fito da wanda zai ja baya. Mutumin yana zaune gaban wani tebur cike da ƴan maɓallai masu zamewa, kowane layi da nasa, a tura sama ya fito, a ja ƙasa ya nutse. Ya fara sakar mana waƙar farko yadda aka ɗauke ta. Wallahi gashin jikina ya tashi. Mu ne, mu huɗu, kowa a tsaye da ƙafarsa. Da a ce a nan wuta ta ɗauke aka kore mu, da yau ina da abin nuna wa jikoki. Amma wuta ba ta ɗaukewa a Paris. Sai mutumin ya juyo ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko kowa ya gamsu da ƙarfin nasa.

Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san ba a yi wa mutum wannan tambayar a gaban baƙo. Wa zai buɗe baki ya ce a ƙara nawa? Sai kara ta motsa. Ita kuwa kara aikin mutum biyu ce, wani ya yi tayi, wani ya ƙi karɓa, a tashi kowa da mutuncinsa kuma ba abin da ya canza. Ka ce hau kujerar, ya ce wallahi ba zai hau ba, alhali ku duka kun san wanda zai zauna.

Yaya ne babba, shi ya fara. Ya gyara murya ya ce wa mutumin da Faransanci gitar ta yi yawa, ya ɗan rage ta. Mu kuma muka juya gare shi da Hausa, haba Yaya, ina za a rage, ai kai ne gishirin abin, wallahi ba za a taɓa ba. Yaya ya yi murmushi, ya ji daɗi, a wurinmu magana ta ƙare. Abin da ba mu lura ba shi ne tayin da Faransanci aka yi shi, ƙin kuma da Hausa. Anasara ya ji rabin da aka yi da harshensa, ya ja maɓalli ƙasa.

Tunda babba ya ce a rage nasa, ni wane ne da zan bar nawa a sama? Na ce a rage bas, da Faransancina mai kyau na labo. Suka taso mini da Hausa, na ji daɗi ni ma, maɓalli ya sauka. Sai aka zo kan Ba'adare, wanda yake ƙarami, dole nasa tayin ya fi na kowa. Ya ce gangunan suna danne yayyensa, a rage su sosai. Yaya har rantsuwa ya yi, da Hausa, cewa in aka taɓa gangar nan shi ya fita daga faifan. Mutumin ya ja, ya dubi Ba'adare yana tambayar ko a ƙara ragewa, ya ce « Encore ? » Ba'adare ya sunkuyar da kai ya ce « Encore. » Kuma kara ba a yin ta zagaye ɗaya, sai da muka sake kewayowa, kowa yana ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa ladabi.

Da aka tambayi Bakano, bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba. Da Faransancinsa na kasuwa ya ce shi nasa a hau da shi. Aka hau. Ya ce a ƙara. Aka ƙara.

Mutumin ya sake sakar waƙar. Kowa ya yi tsit yana laluben kansa a ciki, kowa ya ji an binne shi, kowa kuma yana jiran wani ya yi magana a madadinsa. Yaya ne ya kamata ya tsaya wa ƙaraminmu, amma Yaya yana zaman makokin gitarsa. Da na ga shirun ya yi yawa sai na tsallake shi na ce wa anasaran ya maido da gangunan inda suke. A gida da shi ke nan, a maido ba tare da an dubi mai abin ba, shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Amma wannan bawan Allah mai adalci ne, yana mutunta haƙƙin ɗan Adam. Ya juya kujerarsa gaba ɗaya ya fuskanci Ba'adare, ya ce ai kai ne mai gangar, me ka ce? Idon baƙo a kansa, idon Yaya a kansa.

« Non, non. C'est très bien comme ça, » in ji Ba'adare, wato a'a, haka ma ya yi daidai.

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ce kiɗanku ne. Ya bi sauran waƙoƙin ya yi musu awo ɗaya, don mu mutane ne da suka san abin da suke so. Ya ce zai ajiye layukan na wani lokaci, ko za mu canza ra'ayi. Muka yi masa godiya mai yawa, muka tafi kama jirgi.

Lahadin ƙarshe muka saurari faifanmu a ɗakin ƙasa. Bakano ne a tsakar ɗaki yana waƙa da dukkan ƙarfinsa, mu uku kuma muna gidan maƙwabta muna yi a hankali kada mu tashi mara lafiya. Gita tana leƙowa lokaci-lokaci ta ba da haƙuri ta koma. Ni kuwa babu labarina, amma ni na saba. Gangunan kuwa, in ka kasa kunne sosai, za ka ji kamar wani na ƙwanƙwasa ƙofa a wani bene, yana kuma fatan ba kowa a gida. Bakano ya ce aikin ya fita tsaf, Turawa sun iya. Na ce mu koma Paris a gyara. Ba'adare ya ce kada a wahalar da kowa, ya yi kyau, Allah ya saka da alheri. Ya sa faifan a aljihun jaka, ya bar wa mai gadi gangunan ya sayar.

Bayan tafiyarsa mun yi ta cewa za a koma a gyara. Yaya ya ce da zarar ya miƙa tez. Bakano bai ga abin gyara ba. Muka gwada bugawa da injin ganga, injin da ba ya makara ba ya kuma jiran kowa, muka gaji da shi, Lahadi ta koma ranar wanki. Shi kuma Ba'adare ya zama babban mutum a can, ya yi aure, yana bin kasuwannin dabbobi da motar aiki. Mukan gaisa a waya jefi-jefi, gajeriyar gaisuwar nan, lafiya lau, sai an jima.

Shekaru suka wuce. Wata rana da la'asar ina tsaye a tashar metiro zan koma gida sai ga kiransa. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya tambayi Yaya da tez ɗinsa, bai yanke ko gaɓa ɗaya ba. Tun a nan na san akwai magana. Can ya ce jiya a hanyar dawowa daga wani ƙauye ya tsaya da mota inda ba kowa, ya rufe gilasai, ya sa faifan, ya murɗa sauti har ƙarshe. Bakano ya kusa fasa masa kunne, amma ya nemi kansa a ciki bai samu ba. Ya ce hannunsa ya manta, shi kansa ya fara shakkar ko abin ya taɓa faruwa. Sai ya yi ta kewaye-kewaye, in ba takura, in da hali, in ba nisa, ko akwai wanda ake jin gangar a ciki.

Tunda na san shi, wannan ne karo na farko da ya roƙi abu don kansa. Na ce ya ba ni ɗan lokaci. Na nemi lambar sitidiyon, aka ce wurin ya zama shagon gyaran waya. Na bi ta hannun wani na samu anasaran, ya yi ritaya yana ƙauye. Ya tuna mu sarai, ya ce ai ba ya manta ƙungiyar da ta zo tun daga Lyon don a kashe mata sauti. Ya tuna mai gangar ma, ya ce yaron gwani ne, shi har yau bai gane abin da ya sa ya ƙi a ji shi ba. Layukan kuwa ya goge su tun tuni.

Washegari a tashar nan dai na kira Ba'adare na gaya masa. Ina jin kukan awaki a bayansa. Ya ce ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri, in yi haƙuri ya sa ni wahala.

"Da komai, Malam," na ce masa. "Wallahi da komai. Kada ka sake ce mini ba komai."

Sai ya rage murya, ina jin ya matsa nesa da mutane.

"To yayana, tsakaninka da Allah, ban da kara. Ranar nan na buga kuwa?"

Na ce ya buga. Na gaya masa yadda ya shigo a waƙar farko, da yadda dukan ke sauka mini a haƙarƙari, da wurin da ya je ya dawo da Yaya, da yadda mutumin ya cire abin kunne yana kallon sa. Ina magana, mutane suna ratsa ni suna kallo. Jirgina ya zo ya buɗe ƙofa, ban shiga ba. Da na kai ƙarshe ya ce in ba zan makara ba, in sake faɗa masa tun daga farko, a hankali.